Kwana Biyu a Horombo Kafin Ƙolin Kilimanjaro

Daga garin Moshi na Tanzaniya muka hau mota zuwa ƙofar Marangu. Nan ake rubuta suna, a ɗora kayan 'yan dako a sikeli, don ba a yarda ɗan dako ya ɗauki fiye da kilo 20 na matafiyi ba. Duk cikin hanyoyin hawa dutsen Kilimanjaro, ta Marangu ce kaɗai ake kwana a ɗaki maimakon tanti.

Masaukin farko Mandara ne, tafiyar kilomita 8 cikin kurmi, a tsayin mita 2,700. Ɗakunan katako ne, rufinsu ya gangaro har ƙasa. Akwai katifa da wutar sola, amma abin rufa kowa da nasa yake zuwa.

Washegari muka isa Horombo, mita 3,720. Nan mutane da yawa ke kuskure. Sun ga gado, sun ci abinci mai zafi, sai su ɗauka jiki ya saba, su wuce da safe. Mu kwana biyu muka yi. Da rana muka haura zuwa duwatsun Zebra, muka sauko muka kwana a Horombo, haka jiki ke koyon zama da ƙarancin iska. Kuɗin wannan kwanan bai kai asarar juyowa daga rabin hanya ba, shi ya sa nake roƙon kowa kada ya tsallake shi.

Masaukin ƙarshe Kibo, wajen mita 4,700, ginin dutse ne, gadaje sama da ƙasa, sanyi har ƙashi. Babu ruwa ko ɗigo sai wanda 'yan dako suka ɗauko daga ƙasa, don haka taimama muka yi. Batirin tocila da waya a cikin riga suke kwana, in ba haka ba sanyi ya zuƙe su. Gorar ruwa kuwa a juye ake ɗaukarta, saboda ƙanƙara daga sama take farawa, ta toshe bakin. Wanda ciwon kansa ya haɗu da amai da tangaɗi, jagora ba ya jiran asuba, saukowa da shi yake yi nan take.

Tsakar dare muka fita, jagora yana ta maimaita "pole pole", wato sannu sannu da Swahili. Hantsi ya same mu a ƙolin Uhuru, mita 5,895, a daren kuma muka sake kwana a Horombo.