Sa Hannun da Na Yi a Kan Abin da Ban Gani Ba

A wannan makon nake miƙa makullin akwatin kayan aikina, kuma cikin duk abin da ya wuce ta hannuna a rumfar gyaran jiragen kashe gobarar daji, sa hannu guda ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Waɗanda muka daɗe tare ba su manta da 2002 ba. Ranar 17 ga Yuni, wani jirgi samfurin C-130A ƙirar 1957 yana zuba jan sinadarin kashe wuta kusa da Walker a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai fuka-fukansa suka naɗe sama suka rabu da gangar jikinsa, mutum 3 suka mutu. Bayan wata guda, wani jirgi samfurin PB4Y na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya rasa fiffike kusa da Estes Park a Kolorado, mutum 2 suka tafi. A jirgin Walker, masu binciken NTSB, hukumar binciken haɗuran sufuri ta Amurka, sun tarar tsagar ta taso ne daga ramukan ƙusa, ta yi ta ci a ɓoye ƙarƙashin facin da aka ƙara wa cikin fiffiken. Duk wannan na san shi, shi ya sa ba ni da uzuri.

A bazarar da ta biyo baya wuta na ci ta ko'ina, jirginmu kuwa yana ƙasa. Na haska tocila a ƙarƙashin fiffike, na ga wani siririn baƙin layi ya tsiyayo daga kan ƙusa ɗaya, kamar an ja kwalli. Na ce a ɗaga facin a sa na'urar gano tsaga, aikin kwana 3. Shugaban sashenmu ya goge wurin da babban yatsansa, ya ce datti ne, littafin gyara bai ce a buɗe ba, kuma kowace ranar zama asara ce ga kwangila. Na sa hannu. Allah ya tsare, jirgin ya gama kakar gobarar lafiya, amma da muka buɗe wurin da sanyi ya shigo, sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa. A gaban manya ya ce bai tuna mun yi maganar ba, takarda kuwa sunana ne a kanta. An ɗauke ni daga duba fuka-fuki har shekara guda.

Gaskiyarsa ɗaya ce: littafin bai ce ba. Soja ne suka rubuta shi domin jirgin dakon kaya, ba wanda zai riƙa sunkuyawa cikin kwazazzabo da iska mai jijjiga yana sakin lodi a lokaci guda ba. Sa ido kuma ya zama ɗan rabo, domin a lokacin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, na ganin jirgin da ke aikin gwamnati nauyin Hukumar Gandun Daji ne, ita kuwa Hukumar Gandun Dajin a lokacin ba ta da ma'aikatan da za su tantance lafiyarsa. Sai a Mayun 2004 aka soke kwangilar manyan jirage 33.

Sauran darussan ƙanana ne. Duk wanda ya ce ka bari, ka roƙe shi cikin ladabi ya rubuta. Ka ɗauki hoto kafin wani yatsa ya taɓa wurin. Ka saurari matuƙi idan ya ce jirgi ya canza kuka.

Tun daga nan jirgi 2 na hana tashi a tsakiyar kaka, na sha harara, kuma duka biyun an sami abin da na ce. Shi kuwa shugaban an yi masa ƙarin girma, na ji yanzu shi ke yi wa sababbin ɗauka lacca kan kiyaye haɗari.