Jabun Kwabban Ingila da Yadda Nake Zaɓar Su

Rabin kwabon tagulla na zamanin Sarki George na Uku nake tarawa, amma na 'yan jabu, ba na hukuma ba. Gidan buga kuɗi na Landan ya fitar da na gaskiya daga 1770 zuwa 1775, sannan ya daina har sama da shekara ashirin. Ga masana'antu suna yaɗuwa, ga leburori suna jiran ladan mako, babu canji a gari. Maƙeran Birmingham suka cike giɓin, duk da cewa dokar 1771 ta mayar da wannan sana'a babban laifi. Da aka bincika a 1787, kashi 8 cikin ɗari kacal na kwabban da ke yawo suka yi kama da na sarki.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne gane wanda bai sha hannu ba. Waɗannan maƙera da gangan suke sassaƙa hoton sarki sama-sama, babu silin gashi, babu zurfi, su kuma baƙanta tagullar don mai kanti ya ɗauka ta daɗe tana zagaya kasuwa. Saboda haka kwabon da ya fito maƙera jiya yana iya kama da wanda ya shekara talatin a aljihu. Ni ba na duba fuskar sarki da farko. Filin da ke kewaye da ita nake kallo da gilashin ƙara girma, ina karkata kwabon a gaban fitila. In akwai sheƙi a lungun haruffa, fatar tagullar kuma sumul ba ƙarzuwa, to haka aka buga shi. Irin wannan na fi so, ko da rabin rubutun bai fito ba.

Sikeli ba ya rabuwa da ni. Na gaskiya yana dab da giram 10, jabu kuwa sau da yawa 6 ko 7. Shekara ma tana tona asiri: duk rabin kwabon George na Ingila mai ɗauke da 1776 ko 1777 jabu ne, domin hukuma ba ta buga ba a lokacin. Wanda aka zuba a ƙwarya narkakke yakan nuna ɗinki a gefe da ƙananan ramuka, ba kasafai nake saya ba.

Wasu sun kauce wa doka ta sauya rubutu, su sa GEORGE RULES a madadin rubutun da ke kan na gaskiya. Akwai kuma na maƙerar Machin's Mills a jihar New York, waɗanda masu tarawa a Amurka suka tsawwala wa farashi.

Wanda aka goge har ya yi ja wur yana ɓata mini rai ƙwarai, don launin da shekara ɗari biyu ta shimfiɗa ba ya dawowa. Nawa suna cikin ambulan takarda marar sinadari, nesa da laima, kuma a gefe kawai nake riƙe su.