Ciwon da ke ƙarƙashin tramol

Ƙannena, sau uku ina barin tramol, sau uku ina komawa, don na ɗauka ƙwayar ce kaɗai cutata.

A 2011, da yaƙi ya kore mu daga Libiya, motarmu ta lalace cikin hamada kafin Agadas. Wani yaro ɗan unguwarmu ya cika da ƙishirwa, kansa bisa cinyata. Na iso Tawa ban faɗa wa kowa yadda aka yi ba, tunda an ce namiji ba ya kuka. Barci ya ƙaurace mini. Ko warin gazuwal na ji sai gabana ya faɗi. Na kama kabu-kabu, abokan aiki suka ce in haɗiye ɗaya in ji ƙarfi. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, ta kasuwa kuwa guda ɗaya 225 ce, ni har huɗu nake sha. Sai da na faɗi daga babur ina farfaɗiya.

Yayata ce ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa a Yamai. Na ba shi labarin hamada, sai ya tambaye ni ƙuruciyata. Raina ya ɓaci, me ya haɗa su? Ashe ciwona biyu ne. Na hamada firgici ne na rana ɗaya, shi ke dawo mini cikin mafarki, kuma da na riƙa faɗinsa ya fara sauƙi. Ɗayan ya fi zurfi: shekarun da na yi gidan riƙo bayan rasuwar babana, duka da yunwa da "ba ka da amfani" kullum. Wannan ba ya zuwa a mafarki. Yana zaune a rai kamar gaskiya, shi ya sa duk wanda ya tsawata mini a hanya, sai na nemi ƙwaya. Shi ne ya mayar da ni sau ukun nan, shi ne kuma ya fi daɗewa bai warke ba.

Kada ku yi irin tawa, kada ku kulle ɗaki ku daina dare ɗaya. Ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci za su kayar da ku. Ku je likita a rage muku sannu sannu. In an tambaye ku abin da ya faru da ku, ku faɗi har wanda kuke jin kunyarsa. Ku riƙe addu'a, ku haɗa da magani.

Har yau in babbar mota ta wuce ni da hayaƙinta, gabana na faɗuwa. Nakan tsaya gefen titi, in kashe babur, in kira yayata.