Wasiƙa Daga Manchesta: Yayin Tishat Da Hunturun Jos

Assalamu alaikum jama'ar gida, na Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da Dilimi, har zuwa Bukuru. Ina gajiya, ya muka ji da ƙarshen damina?

Autanmu ne ya jawo wannan wasiƙa. Sati uku ke nan kusan kullum sai ya turo mini hoto ta WhatsApp: wani saurayi ya jingina da bango, sanye da faffaɗar tishat da wando kamar buhun masara. A ƙasa sai ya rubuta, "Yaya, irin wannan ake yayi a can ko? Don Allah kafin Disamba." Na ce bari in ba shi amsa a bainar jama'a, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafi ba.

Karatu ne ya kawo ni Manchesta, amma abin da ke biyan kuɗin haya shi ne aikin yamma a wani kantin ƙananan kaya. Ni ne mai sauke kwalaye, mai rataye riguna, mai ninke abin da masu saye suka hargitsa. Saboda haka ta ƙofar baya nake ganin yayi, tun yana cikin leda bai sha iska ba.

Masu wannan sana'a sun raba shekara gida biyu, kayan zafi da kayan sanyi. A Janairu da Yuni manyan masu ɗinki ke baje kolin kayan maza a Milan da Faris, kuma abin da suke nunawa na watanni masu zuwa ne, ba na ranar ba. Kantuna ma haka suke riga lokaci. Na koyi wannan da jikina a Fabrairun farko da na yi a nan. Zif ɗin jaket ɗin da na zo da ita daga gida ya ɓalle, ƙanƙara ta daskare a bakin titi, na shiga kanti ina hura hannu. Me zan tarar? Gajerun wanduna da silifas da riguna masu hoton bishiyar kwakwa. Rigunan sanyi an tura su can lungu, saura waɗanda mutum biyu za su shiga. A ƙarshen Yuli kuwa, ana zufa, mu ne ke jera manyan kwat a gaban kanti. Tun daga nan na daina ɗaukar yayi da zafi. Kalandar 'yan kasuwa ce, an tsara ta ne don a kwashe tsohon kaya a samu wurin sabo.

To, amsar tambayarka auta: e, shi ake yi. Zamanin matsattsun kaya ya ja baya. Wandon nan fensir da kuka riƙa sa wa leda a ƙafa kafin ya shiga, yanzu a nan sai ka yi da gaske za ka gan shi jikin matashi. Tishat ta yi faɗi, kafaɗarta ta zubo har kan damtse, hannunta ya kusa gwiwar hannu, yadinta ya yi kauri ta yadda take tsayawa da kanta ba ta manne wa jiki. Wando ya buɗe, ko jins ko mai aljihuna a cinya. Rubutu ya ragu, sau da yawa ba komai a gaba sai ɗan tambari kamar ƙwayar gyaɗa. Da yake yanzu sun shiga kaka, ganye na zuba, launukan da muke ratayewa su ne ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan madara, ruwan hanta da kore mai duhu. Ranar da na buɗe kwalin farko dariya ta kama ni, na ce ai wannan launin Titin Bauchi ne a watan Janairu. Wanda ya sa irinsu, ƙurar hunturu ba za ta tona masa asiri ba. Farar tishat kuwa, shiga Keke ɗaya daga Taminus zuwa Farin Gada ya ishe ta.

Amma ba launi ko faɗi nake so ku riƙe ba. Ina yaro ina raka wani kawuna Kasuwar Katako, inda yake sana'ar gwanjo. Ranar fasa dila tun da duku-duku ake taruwa, ana yanke ƙarfen da ya ɗaure ta sai kayan su kumbura, wannan warin da duk ɗan Jos ya sani ya tashi, hannuwa su yi caa. Kawu ba ya cikin masu wawaso. Zai ɗauki riga ɗaya, ya ɗaga ta saitin rana. In ya hango hasken ta cikinta sai ya jefar. In ta tsallake wannan, ya sa yatsu biyu ya ja wuyan, ya saki, ya ga ko zai koma yadda yake. Sannan ya juya cikinta ya bi ɗinkin kafaɗa da na hamata da babban yatsa, daga ƙarshe ya dunƙule yadin a tafin hannu ya buɗe. Bai taɓa karanta sunan kamfanin da ke wuyan riga ba, ba ma ya iya karantawa. Wallahi yau a tsakiyar Manchesta abin da nake yi ke nan, sai dai fitilar kanti nake ɗaga wa maimakon rana, abokan aikina suna kallona kamar mai duba.

Abin da kawu ke aunawa da hannu, a nan lamba suke ba shi: nauyin yadi da giram a kowace murabba'in mita. Mai 140 zuwa 160 shara-shara ce, ta bazara. Daga 200 zuwa sama ita ce mai kaurin da ake yayi. Akwai kuma ƙaramin ƙyalle a gefen ciki da ke faɗin abin da aka saƙa rigar da shi. In auduga ce zalla, za ta sha gumi ta bar jiki ya sha iska. In roba ta yi yawa a ciki, za ta yi ƙyalli a kanti, amma ranar da ka sa ta a zafin Maris, na kusa da kai a sahu ne zai fara ba da labari. Akwai tishat a nan da ba ta kai fam biyar ba, na kuma saya da ɗoki farkon zuwana. Wanki uku, wuya ya saki kamar bakin tulu, ɗinkin gefe ya murɗe ya dawo kan cibiya. Araha ba ta ado. Da yawansu a Bangaladesh ake ɗinka su, kuma duk wanda ya tuna ginin Rana Plaza da ya rufta a 2013 ya kashe sama da mutum 1,100, akasarinsu masu ɗinki, ya san akwai wanda ke biyan cikon kuɗin.

Inda Allah ya taimake ku, 'yan Jos, shi ne garinku. Kuna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuna da sanyi na gaske. Wannan salon na ɗora riga kan riga, tishat a ciki, wata mai maɓalli a buɗe a kai, ko rigar sanyi mai hula, a wurinku ba kwaikwayo ba ne, buƙata ce. Da asuba a Disamba haƙora na haɗuwa, da hantsi ka tuɓe ta sama ka rataya a kafaɗa, bayan magariba ka mayar. Ko a Agusta, in ruwa ya kwana yana zuba, suwaita ba ta zama abin dariya. 'Yan uwanmu na Abuja ne nake tausaya wa. Na ga hoton wani a Wuse cikin rigar sanyi mai hula da rana tsaka a watan Afrilu, wai shi ɗan gayu ya ɗau wanka. Wanka kam ya yi, na zufa.

Sai gargaɗi ɗaya da babu Baturen da zai yi muku. Wasu daga cikin faffaɗan tishat ɗin nan gajeru ne, da gangan aka yanke su daidai ƙugu. A tsaye ba laifi. Amma ka yi ruku'u ka yi sujada, sai bayanka ya fito fili, musamman in wandon ma ya zazzago. Kafin ka biya kuɗi, ka sunkuya a gaban mai shago ka sa hannu a baya ka ji. Haka nan rubutu. Na taɓa ganin dattijo a sahun gaba da tallar giya ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigar da ke leƙowa ta wuyan jallabiyarsa, bawan Allah bai sani ba. In ba ka gane abin da aka rubuta ba, tambayi wanda ya gane.

Jesin ƙwallo ma ta fita daga fili ta shiga kwalliya, har da tsofaffin samfura na shekarun 1990, ana sa su da jins da kambas. Wannan kam mu muka riga su, gidajen kallon ƙwallo shaida ne. Kuma har gobe in na sa koriyar nan ta Najeriya ta Kofin Duniya na 2018 sai wani ya tsayar da ni a hanya. Ita ce wadda Nike ta fitar mutane suka yi dogon layi a Landan don su saya, gasar da Mikel Obi ya riƙe kyaftin, Ahmed Musa ya zura wa Aisland biyu. Nakan ce musu su biyun nan duk haihuwar garinmu ne.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne hanyar da nake bi zuwa aiki. Tsofaffin masaƙu ne na jan bulo, an mai da su gidajen haya. Auduga ce ta gina garin nan. A 1902 aka kafa ƙungiya a Manchesta musamman don neman ta a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, har da Arewacinmu. Mu ma mun yi namu zamanin, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Kakuri ta cika da ma'aikata. Yau ga mu muna jiran dila ta zagayo ta Kwatano. Alhali tishat ɗin da ake yayi ba wani ɗinkin wahala ba ne, telan da ke fitar da wuyan kaftani da aljihun sanata ba za ta gagare shi ba, in ya samu yadin da keken da ya dace.

Auta, akwai mai tahowa gida a farkon Disamba, ya ba ni kilo biyu a jakarsa, don haka kada ka sa rai da takalmi. Na ware maka tishat uku masu kauri, ruwan ƙasa da ruwan toka da baƙa, da riga mai maɓalli ɗaya. Ka je wurin telan bakin layinmu ya auna faɗin ƙirjinka da tsawon daga kafaɗa zuwa ƙasan aljihun wando, ka turo mini, don lambobin nan ba ɗaya suke da na gida ba. In sun iso, a juya cikinsu kafin a wanke, ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada a rataye baƙar a rana ta koɗe. Ka gaida Inna, ka ce mata jaket ɗin nan na kai an sa mata sabon zif, har yanzu ita nake sawa. In mutumin zai dawo, a ba shi yaji da kilishi.