Abin da sauya sabar DNS a ofis ya koya min

Sabar DNS, wato kwamfutar da ke mai da sunan shafi ko na na'ura zuwa lambarsa ta IP, in ta fara ciwo ba wanda zai zo ya ce maka DNS ce ta lalace, abin da za ka ji shi ne intanet ba ya yi, ko imel ya ƙi tafiya, ko shafi sai an danna sau biyu yake buɗewa. Tamu tsohuwar kwamfuta ce da aka ɗora wa manhajar DNS mai suna BIND tun kafin yawancinmu mu fara aiki a wurin, faifan ajiyarta ya fara gajiya, wani lokaci ta amsa nan take wani lokaci ta yi gum, kuma da yake kowace kwamfuta tana riƙe amsar da ta samu na ɗan lokaci sai ka ga mutum ɗaya na kuka na kusa da shi na cewa ai nashi lafiya lau. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne, ka yi ping, wato umarnin da ke taɓa na'ura ya ga ko za ta amsa, zuwa lamba kai tsaye, misali 8.8.8.8, in ta amsa amma suna ya ƙi to layin intanet ba ruwansa, kar ma ka wahalar da kanka wajen kiran kamfanin da ke ba ku layi. Ɗauko dig ko nslookup, umarnan da ake yi wa DNS tambaya da su, ka tambayi sabar ita kanta ka ga ko za ta ce uffan.

Haɗa sabuwar kam ba wani aiki ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne gano duk wanda ya haddace lambar IP ɗin tsohuwar. Kwamfutocin ma'aikata da wayoyi ba su da matsala tunda DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori lambobi da saiti da kansa, ke ba su lambar, ka sauya a can shi ke nan, kuma suna komawa sabunta aron lambar tun an ci rabin wa'adinsa, don haka in ka rage wa'adin tun da wuri za su koma da sauri. Masu ba da ciwon kai su ne waɗanda wani ya zauna ya rubuta musu lambar da hannu shekaru da suka wuce, ya bar aikin bai bar takarda ba: firinta, sikana mai tura takardu ta imel, kyamarorin tsaro, na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa, wata sabar Linux da lambar ke kwance cikin fayil ɗin saitinta na resolv.conf, saitin VPN na masu aiki daga gida. Ba wanda zai tuna su duka, tsohuwar sabar ce kaɗai ta san su. Saboda haka muka kunna mata rajistar tambayoyi, a BIND umarnin rndc querylog ne, muka zuba ido muna ganin wa da wa ke zuwa har yanzu bayan an sauya DHCP. Duk lambar da ta bayyana sai a bi ta a ga mece ce. A nan ne wata na'urar ajiyar bayanai ta fito wadda ba ta cikin lissafin kayan ofis kwata-kwata, tana can ƙarƙashin tebur tana ta aikinta.

Akwai wata dabara da mutane ke so idan wuta ta yi wuta, wai a sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a matsayin ta biyu kafin a gyara. Ni dai ba na goyon baya in har kuna da sunayen cikin gida. In kwamfuta ta koma kansa, Google bai san sunan firintarku ba, zai ce babu wannan suna, kuma a wurin kwamfuta "babu" ma amsa ce cikakkiya, ba za ta je ta tambayi wata sabar ba, har ma ta riƙe wannan babun na ɗan lokaci. In kuna kan Active Directory, tsarin Microsoft mai kula da shiga kwamfutocin ofis, abin ya fi muni, domin ta bayanan SRV da ke cikin DNS, masu nuna wace sabar ke yin wane aiki, ne kwamfuta ke gano inda za ta kai sunan mutum da kalmar sirrinsa, sai ka ga shiga kwamfuta da safe ya zama jira.

Wajen kwashe sunayen, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ka fara mai da sabuwar mataimakiya ta jawo zon ɗin, wato jerin sunaye da lambobinsu, daga tsohuwar, ka kwatanta amsoshinsu da dig suna bayan suna. Hanyoyin aika bayanai biyu ne, TCP da UDP, jawowar ta TCP take bi a ƙofa ta 53, alhali yawancin tambayoyin yau da kullum ta UDP suke, to in fayawol, wato mai gadin ƙofofin sadarwa, UDP kaɗai ya bari sai ka yi ta mamakin me ya hana. Amma fa zon kawai ake jawowa. Su wa aka yarda su yi tambaya, ina ake miƙa tambayoyin waje, wane sunan abokan hulɗa aka ce a tura wata sabar daban, duk wannan yana cikin named.conf, fayil ɗin saitin BIND, dole ka buɗe ka karanta layi-layi. Zon ɗin PTR mai mai da lamba zuwa suna shi ma ana yawan mantawa da shi, har sai wata manhaja ta fara nauyi ba dalili. In ka taɓa fayil ɗin zon da hannu ka ƙara lambar siriyal ta SOA, wato lambar da ke nuna sigar zon ɗin, in ba haka ba mataimakiya ba za ta san an canza komai ba, ka kuma kula da ɗigon ƙarshen suna, in babu shi BIND zai liƙa sunan zon ɗin a baya suna ya ninka kansa. Sai TTL, wa'adin da aka ba kwamfuta ta riƙe amsa, in yana daƙiƙa 86400 wato kwana guda, ka sauke shi zuwa 300 aƙalla kwana guda kafin ranar sauyi, don wanda ya riga ya ɗauki tsohon wa'adin sai ya cinye shi tukuna.

Wasu za su ce me ya sa duk wannan wahala, a ba sabuwar sabar lambar tsohuwar mana a huta. Yana aiki, kuma in faifan na gab da mutuwa shi ne mafita. Sai dai ba za ka taɓa sanin su wa suka dogara da lambar ba. Mu dai sabar biyu muka kafa, muka kashe ɗaya da gangan ana tsaka da aiki don mu ga me zai faru, tunda a Linux in ta farko ta yi shiru sai an jira daƙiƙa 5 kafin a koma ta biyu, wannan jiran kuwa mutane na jin sa a jikinsu. Tsohuwar kuma ba mu goge ta ba, kebul kawai muka zare muka bar ta a wurinta har ƙarshen wata ya wuce, saboda akwai ayyuka irin na albashi da rahoton wata da sau ɗaya kawai suke tashi a wata, ba lallai su bayyana a rajistar mako guda ba.