Marufan Kwalabe a Tate Modern

Yau wata ɗaliba ta nuna mini hoton aikin mai sassaƙa El Anatsui da aka rataya a gidan adana kayan fasaha na Tate Modern da ke Landan a 2023, daga nesa kamar ƙaton mayafin zinariya. Da ta faɗaɗa hoton, sai ga dubban marufan kwalabe, an daddake su an ɗaure da wayar tagulla, kuma na daɗe ina kallo saboda haƙurin da ke cikin wannan aiki.

Wannan ɗan Gana ya karanci fasaha a Kumasi, ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, sannan a 2015 baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya ya karrama shi da lambar yabo ta Zakin Zinariya. Ina ta tunanin ɗaliban da ya koya wa sassaƙa, ko sun san darajar malamin da ke gabansu.