Ɗakin baƙi na Baitalami

Ina ɗan shekara goma aka ba ni matsayin mai masauki a wasan Kirsimeti na majami'armu. Aikina ɗaya ne: Yusufu, mijin Maryamu uwar Yesu, ya ƙwanƙwasa, in leƙo, in ce babu wuri, in rufe ƙofa. Na girma ina ganin labarin haka, wato garin Baitalami kaf ya juya wa mace mai naƙuda baya, ta haihu ita kaɗai a turken dabbobi.

Sai a shekarata ta biyu a makarantar Littafi Mai Tsarki wannan hoto ya rushe. Malaminmu na Helenanci ya sa muka buɗe Luka sura 2, ya ce mu nemo masa mai masaukin. Muka duba sama da ƙasa, babu shi. Ba ƙwanƙwasa ƙofa, ba kora, ko kalmar turke ba ta nan. Abin da aya ta 6 ta ce shi ne Yusufu da Maryamu suna can Baitalami ne kwanakin haihuwarta suka cika, ke nan sun riga sun sauka kafin naƙuda ta zo.

Daga nan ya rubuta kalmar Helenanci ɗaya a allo, harshen da aka rubuta littafin Luka da shi: kataluma. Ita ce ake fassarawa da masauki a aya ta 7. Ya ce mu je Luka 22:11, inda Yesu ya aiki Bitrus da Yohanna su tambayi wani maigida ɗakin da zai ci Jibin Ƙetarewa da almajiransa. Kalmar ce dai, kuma a can ɗakin baƙi ne a cikin gidan mutum. Da Luka ya zo labarin Basamariye mai tausayi a sura 10, inda ake maganar masaukin da ake biya, wata kalma ya ɗauko daban, har ya ambaci mai masaukin da aka ba dinari biyu. Akwai masanan da har yau suke riƙe da cewa masaukin matafiya ake nufi a sura 2, malaminmu bai ɓoye mana haka ba. Ni dai hujjar ɗakin baƙi ce ta fi kama ni.

Ya zana mana gidan talaka na ƙasar Yahudiya a wancan zamani. Ɗaki ɗaya ne babba, nan iyali ke girki, nan suke kwana. Gefe guda an saukar da daɓen ƙasa kaɗan, da dare a shigo da jaki ko tumaki saboda ɓarayi da sanyi, komin abincinsu yana nan bakin inda mutane ke kwana. Mai ɗan hali yakan ƙara ɗakin baƙi a gefe ko a bisa soro. To ga ƙidayar da Kaisar Augustas ya yi umarni ta dawo da 'yan gari gida, ɗakin baƙi ya cika. Ina za a kai Maryamu? Cikin ɗakin iyali, jaririn kuwa a shimfiɗa shi a komi, wuri mai taushi da ba wanda zai taka shi.

Ina jin wannan sai gidan kakata ya faɗo mini a rai, awaki a ɗaure a tsakar gida, baƙo kuwa ko tsakar dare ya yi sallama sai an tashi yara daga tabarma an ba shi. Yusufu jinin Dauda ne, Baitalami kuma garin Dauda. Wane gari ne ɗansa zai dawo da mace mai tsohon ciki a ce masa ya nemi gaba? Abin ya dame ni, domin ni da na tashi cikin irin wannan rayuwa na kasa ganinta a nassi, hotunan katin Kirsimeti sun tsaya tsakanina da ayar.

Amma murnar wannan ganowa ta kai ni ga wani kuskure. Na ɗauka tunda al'adarmu ta yi kama da tasu, duk abin da na gani a nassi sai in auna shi da mudun gidanmu. A wa'azin gwaji na ce kwana arba'in da Maryamu ta yi kafin zuwa Haikali wankan jego ne. Bayan an tashi malam ya kira ni gefe.

"Ɗana, ka karanta Littafin Firistoci sura 12?"

"A'a, Malam."

"Je ka karanta, gobe mu yi magana."

Na karanta. Kwana 7 da kwana 33 idan namiji ne, arba'in ke nan, idan mace ce kwana 80. Ba maganar ruwan zafi, ba kunun kanwa. Tsarkakewa ce ta shari'ar Musa, ƙarshenta hadaya: ɗan rago da tsuntsu ɗaya, wadda kuma ba ta da halin rago ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu. Luka 2:24 tsuntsaye biyun nan ya ambata. Hadayar matalauta suka kai. Na shagala da arba'in ɗin da ya yi kama da namu, na tsallake abin da Luka yake nuna mana game da gidan da Mai Ceto ya zaɓa. Tun ranar, in na ga wata al'ada a nassi, sai na fara neman abin da Bayahuden ƙarni na fari zai ji kafin in kawo misalin gida.

Bara ni na shirya wasan yaran makarantar Lahadi. Na cire mai masauki. A madadinsa na sa wata uwar gida tana cewa ɗakin baƙi ya cika, su shigo ciki, tana tura maza waje, tana aika a kira ungozoma. Na gaya wa jama'a tun farko cewa ita ma nassi bai ambace ta ba, zato ne da ya fi dacewa da gidajen wancan lokaci. Bayan sujada wata tsohuwa daga zumuntar mata ta riƙe hannuna.

"Malam, ashe ba ita kaɗai ta haihu ba?"

"Mama, da alama akwai mata kusa da ita."

Ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce shekara da shekaru abin nan yana ci mata rai.